Martani ga Mai Cewa Dokar Ƙira Ba Tamu Ba Ce

Na karanta rubutun da wani malami, ɗan'uwanmu Ba'adare, ya yi kwanan baya, inda ya soki masu kiran a kafa dokar da za ta tilasta wa masu ƙera kaya da masu shigo da su su riƙa kawo mana abin da za a iya narkarwa, ko a kwance a sake mora, bayan ya gama aikinsa. Rubutun ya tsaru, kuma na san da yawa a Tawa da Kalfu za su karanta su gyaɗa kai, don abin da ya faɗa shi ake faɗa a fada wajen shan shayi. Dalilin da ya sa ban ga ya dace a bar shi ba amsa ba ke nan.

Ga hujjojinsa yadda na fahimce su, ina fata ban rage masa komai ba. Ya ce Nijar ba ƙasar masana'antu ba ce, yawancin abin da muke saye daga Najeriya da Aljeriya da Sin yake zuwa, don haka wa za a yi wa dokar? Ya ce ko an samu masu bin ta, talaka ne zai biya, tunda kamfani ba ya yarda da asara, kan farashi yake ɗora kowane sabon nauyi. Ya tuna mana da dokar hana leda ta 2014, wadda ba ta rage leda a kasuwa ba. Ya ce ba ma buƙatar a koya mana sake sarrafa kaya, don Bahaushe ba ya zubar da komai, matsalarmu dai rashin tsafta ce da sakacin masu kwashe shara. Sannan ya rufe da cewa wannan damuwa ce ta waɗanda suka ƙoshi a Turai, ƙasar da ke fama da rashin tsaro da tsadar hatsi tana da abin da ya fi wannan.

Zan fara daga inda ya fi kusa da gaskiya. Lalle mutanenmu gwanaye ne wajen raya abin da ya mutu. Tsohuwar taya takan zama takalmi, tuf ya zama guga, ganga ta zama ƙyaure ko murhu, a warware zaren buhun shinkafa a tufka igiya, gwangwanin tumatir ya zama ma'auni, jarkar mai ta koma ɗaukar ruwa a bayan jaki. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga maƙera suna narka gwangwanin lemo da tarkacen alminiyam suna zuba tukwane da ludaya. Ban musa ko ɗaya ba. Tambayar da Malam bai yi wa kansa ba ita ce: me ya sa waɗannan ke komawa hannun mai sana'a, wasu kuma suke ƙarewa a maƙale kan ƙaya a bakin gari? Ya ɗauki ledar madarar gari ta dala goma, ko ledar tumatir da ta kori gwangwani daga tebur, ko ta sabulun gari, ya kai wa maƙerin da ya fi kowa hannu a Tawa ya ce ya fitar masa da wani abu daga cikinta. Me zai fitar?

In ka yage irin wannan leda za ka ga cikinta na ƙyalli. Fallaye ne biyu ko uku aka manne wuri ɗaya: roba iri guda a waje mai ɗaukar launi da rubutu, siririn alminiyam a tsakiya mai tare iska da haske, wata robar daban a ciki wadda ke liƙe baki in an sa mata zafi. Kowanne da zafin da yake narkewa. In an zuba su tare a injin narkarwa, dunƙule ake samu wanda ba ya moruwa, raba su kuwa ya fi ƙarfin kuɗin abin da za a samu. Shi ya sa yaran da ke yawon tsintar ƙarfe da tsoffin takalman roba ba sa ko duƙawa kanta. Hatta 'yan jari-bola na Kano, waɗanda ke da injinan niƙa roba kusa da su a Sharaɗa da Dakata, tsallake ta suke yi, don ba mai saye. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki ta fitar da rahoto a 2022 cewa kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa. A cikin lissafin har da ƙasashen da ke da motar shara a kowace unguwa. Ashe ke nan tsintsiya da mota ba su isa ba.

Tun ranar da aka tsara wannan leda a ofishin kamfani aka yanke inda za ta ƙare, matar Kalfu da ta saye ta ba ta da ta cewa. Malam ya ce rashin tsafta ne. To, a ce ta share gidanta tas, ta tara ledojin wuri guda. Ina za ta kai su? Ko ta cinna musu wuta hayaƙin ya shiga ƙirjin 'ya'yanta, ko ta kai juji iskar hunturu ta kwashe. In ma'aikatan magajin gari sun zo sun ɗauka, bayan gari za su zuba, bayan garin Tawa kuwa gonakin mutane ne da makiyayar dabbobinsu. An kau da shara daga idon ɗan birni an kai ta gonar ɗan ƙauye. Wannan shi ne maganin da Malam yake ba mu?

Nan ne maganar farashi ta shigo, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau, domin ita ce hujjar da ta fi kama zuciyar mai karatu. Malam ya ce talaka zai biya. Ni kuwa na ce ai ya daɗe yana biya, sai dai ba a bakin tebur ake karɓa ba. Duk Ba'adare ya san da wane irin gumi aka ƙwato ƙasar nan daga hannun fako. Tun da aka fara aikin Keita a 1984 mata ke ɗaukar duwatsu a ka ana jera su a gangaren tsauni don a tare ruwa. A wajajen Illela da Badagishiri manoma suka rungumi tassa da rabin wata, a haƙa rami a tsakiyar rani, a zuba taki, a jira ruwan farko. Aikin nan duka kan taki ya dogara. Da can jujin gari dukiya ne: toka, kashin dabbobi, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, a loda a amalanke a kai gona. Yau wanda ya ɗebo amalanke guda daga jujin birni sai ya zauna yana tsince leda da matattun batura da hannunsa, abin da ya kuɓuce masa kuma ya shiga ƙasa ya hana ruwa ratsawa, ya naɗe saiwar hatsi, shekara ta zagayo hauya ta sake tono shi yadda yake. Wa ke biyan manomin nan ladan tsintar?

Sai dabbobi. Malam ya je mayanka da asuba a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ciyawa ta ƙare dabba ke cin duk abin da ta samu mai ɗanɗanon gishiri ko mai, ya tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun farka tumbi. Za su nuna masa dunƙulen leda da zaren buhu a murɗe, ya taurare. Dabbar da ta haɗiye shi ci take tana ramewa, cikinta ya kumbura, nono ya ƙafe, mai ita ya yi ta sayen magani a banza har ya karyar da ita a kasuwa ko ya sa mata wuƙa kafin ta mutu mushe. Akuya ita ce asusun matar karkara, da ita take kai yaro likita, da ita take sayen tiya goma ta hatsi in rumbu ya ƙare kafin kaka. In leda ta kashe ta, asarar ta fi duk ƙarin da za a yi wa madara a shekara. Sai dai wannan asara ba ta shiga littafin kamfani, ba ta shiga na duwan, shi ya sa masu lissafi ba sa ganin ta.

Kuma ba kowane gyaran ƙira ne ke da tsada ba. Gorar lemo fara tas ana niƙa ta a sake yin wata gorar, mai launin kore ko ruwan ƙasa kuwa darajarta ƙasa take wajen masu saye, don launin ba ya fita. Koriya ta Kudu ta hana gorar sha mai launi tun ƙarshen 2019. Kamfanin Coca-Cola da kansa ya sauya koriyar gorar Sprite zuwa fara a Amurka a 2022 saboda wannan dalili. Cire launi daga roba zai ƙara wa talaka nawa? Haka fitilar hasken rana da tocila da 'yar rediyo, waɗanda 'yan bida ke aikowa gida daga Abijan da Libiya, ko a saya a kasuwar Lahadi ta Tawa. Da yawa cikinsu an liƙe batir da gam an rufe jikin ba noti ko ɗaya. Ranar da batir ya mutu fitila ta mutu, alhali ƙwai da faifan ranar lafiyarsu lau. Matasan da ke gyaran waya a bakin kasuwa sun iya canza batir, ƙirar ce ta ɗaure musu hannu. Mai gida ya sayi fitila uku a shekara biyu maimakon fitila ɗaya da batir biyu. Wace ce mai tsadar a nan? Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 cewa daga 2027 dole a iya cire batirin ƙananan na'urori a sa wani. Mu da fitilar nan ita ce wutar lantarkinmu a ƙauye, mun fi su buƙatar wannan doka.

Kada kuma a ɗauka batir shara ce kamar sauran. A Thiaroye, bakin birnin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadin gubar dalma daga tsoffin baturan mota da ake farfasawa a unguwarsu. Yanzu da faifan rana ke shiga kowane ƙauye na Adar, manyan batura na biye da shi, kuma kowanne yana da ranar mutuwarsa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, a Afirka kuwa abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ya shigo da batir ya ci ribarsa, shi ya kamata doka ta ɗora wa nauyin karɓar mataccen.

Na yarda akwai inda gyaran zai ci kuɗi. Yin ledar madara da roba iri ɗaya wadda za ta kare garin daga zafin watan Afrilu yana buƙatar gwaji da sauya wasu injina. Amma dokokin da ake da su a duniya ba su ce a wayi gari a sauya ba. Wa'adi suke bayarwa, sannan su bambanta kuɗin da ake karɓa: wanda ya kawo mazubin da ake iya narkarwa ya biya kaɗan, wanda ya nace kan wanda ba ya narkuwa ya biya da yawa, kuɗin kuma ya tafi wajen masu tattarawa. Jamus ta fara ɗora wa masu kaya nauyin mazubansu tun 1991. Faransa ta faɗaɗa nata tsarin da dokar Fabrairu 2020. Kenya ta yi dokar shara a 2022, ta fitar da ƙa'idojin alhakin masu kaya a 2024. Mu kanmu mun rayu da irin wannan tsari ba mu kira shi da wani suna ba. Kwalbar lemo ta gilashi, ba ka tafiya da ita sai ka ajiye kuɗi ko ka kawo wata a madadinta. Wa ya taɓa ganin ta zube a kwararo?

Sai batun cewa ba mu da masana'antu. Da farko, maganar ba ta cika ba. Ruwan leda na dala biyar a garuruwanmu ake ɗura shi, solani ma haka, kuma ledarsu na cikin abin da ya fi cika magudanan ruwa. Ita wannan roba iri ɗaya ce, tana narkuwa, abin da ta rasa shi ne wanda doka ta ɗora wa alhakin tattaro ta. Na biyu, doka ba sai ta je Legas ko Guangzhou ba, a bakin iyaka take tsayawa ta yi magana da mai shigo da kaya. Mun taɓa yi. Tun shekarun 1990 Nijar ta shar'anta cewa gishirin da za a shigo da shi ya zama mai sinadarin aidin, don maganin maƙoƙo, alhali yawancinsa daga waje yake zuwa. Dokar taba ta 2006 ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalin sigari, kamfanonin waje kuma suka buga. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma a farkon 2006, har da waɗanda ba su da matatar mai ko ɗaya a lokacin. A wanne daga cikin waɗannan aka jira sai mun gina masana'anta?

Kamfanin Apple na Amurka ne, a Asiya ake harhaɗa wayoyinsa, amma da Turai ta ce duk wayar da za a sayar a kasuwarta ta zo da bakin caja iri ɗaya, sai ga shi ya sauya a 2023, kuma ya sauya wa duniya baki ɗaya. Malam zai ce Turai babbar kasuwa ce, mu ƙarama. Haka ne. Amma Nijar ta haura mutum miliyan 25, in an haɗa da Mali da Burkina Faso, ƙawayenmu a AES, an wuce miliyan 70, ga kuma ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe takwas, har da mu, da muke kuɗi ɗaya a cikinta. Burkina ta sabunta dokarta ta leda a ƙarshen 2024. A Najeriya, inda yawancin kayan teburanmu ke fitowa, jihar Legas ta hana mazubin abinci na soso a Janairun 2024. Ƙarancin kasuwarmu dalili ne na mu haɗa ƙa'ida ɗaya da maƙwabta. Akwai kuma abin da ya sa nake ganin lokaci na ƙurewa. Sabuwar dokar Turai da ta fara aiki a Fabrairun 2025 ta ce zuwa 2030 duk mazubin da za a sayar a can dole ya zama mai sake sarrafuwa. Tsoffin injinan da ke buga wanda aka hana, ina za su nufa? Mun ga inda tsoffin motoci da tsoffin firji suka nufa. Ƙasar da ba ta da ƙa'ida a ƙofarta ita za ta karɓi abin da kowa ya ƙi.

Dokar 2014 kuwa, wato mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba, wadda ta hana yi da shigowa da sayarwa da amfani da siririyar leda, gaskiya ne ba ta yi aiki ba, kowa shaida ne. Amma ya kamata a tambayi dalili. An hana abin da ke hannun kowace mai ƙosai da kowane mai tebur ba tare da an tanadi madadinsa ba, aka bar jami'i ɗaya da dubban masu laifi. Dokar ƙira da mutane kaɗan take hulɗa: manyan 'yan kasuwa masu shigo da kaya tirela-tirela, da masu injinan ɗura ruwa, waɗanda duwan da ma'aikatar haraji suka san sunayensu da ƙofar shagunansu. Fasa-ƙwauri zai ci gaba, iyakarmu da Najeriya ta kusa kilomita 1,500, ba mai musun haka. Amma ana fasa-ƙwaurin magani ma, Malam zai ce a soke dokar magani? Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, dukansu suna da iyakoki da maƙwabtan da ba su hana ba a lokacin, kuma duk wanda ya je Kigali ya ga bambanci. Abin da 2014 ta koya mana shi ne a rubuta dokar da za a iya bi, a sa mata kuɗin aiki da masu bibiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai a rubutun shi ne cewa wannan damuwar Turawa ce. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya. Ɓacin ran da wannan da ire-irensa suka jawo shi ya haifi yarjejeniyar Bamako ta 1991, inda ƙasashen Afirka suka haramta shigo musu da shara mai guba. A taron Nairobi na Maris 2022, Ruwanda da Peru ne suka jagoranci kiran a ƙulla yarjejeniyar duniya kan roba, tun daga ƙira har zuwa juji. An zauna a Busan a ƙarshen 2024, an sake zama a Janeba a Agustan 2025, an tashi ba a cimma matsaya ba, saboda turjiyar ƙasashen da ke cin riba daga roba. Yaƙin nan Afirka na sahun gaba a cikinsa. A wannan zamani da kowa ke maganar 'yancin kai, wane 'yanci ne ya fi ƙasa ta iya cewa ga abin da zai shigo mata, ga wanda ba zai shigo ba?

Batun tsaro da hatsi ba zan daɗe kansa ba. Rubuta ƙa'idar mazubi ba ya ɗauke soja ko ɗaya daga bakin daga, kuma gona da garke su ne hatsin da Malam ke magana a kai.

Matsayina bai sauya ba: ina goyon bayan dokar, kuma ina ganin jinkirinta cutarwa ne ga manomi da makiyayi. Ina kira ga 'yan jihar Tawa da ke cikin majalisar tuntuɓa ta CCR su ɗauki maganar nan su kai Yamai. A fara da abin da ba ya buƙatar dogon nazari: gorar sha ta zama fara, fitila da tocila su zo da batirin da ake cirewa, mai shigo da babban batir ya karɓi matacce, masu ruwan leda su biya a tattaro ledarsu, a kuma sa wa leda mai fallaye wa'adi tare da Mali da Burkina. Hukumar ƙa'idojin kaya ta ANMC ta rubuta ma'aunin, duwan su duba shi a Ƙonni da sauran ƙofofi. Ranar da za a zauna tsara dokar kuma, a kira maƙera da mahauta da masu gyaran waya da matan ƙauyukan Kalfu da Barmu da Afala, a ji ta bakinsu kafin a ji ta masu shigo da kaya.